Amsa ga Kawu: Me Ya Kai Mu Ɗakin Ibadar 'Yan Kweka

Kawu, ina gaisuwa. Ka ce an nuna maka hoton 'yan ƙungiyarmu zaune a wani tsohon ginin katako a nan New York, aka ce maka coci ne, har hankalinka ya tashi. Allah ya huci zuciyarka. Ɗakin ibadar Kiristoci ne, ban musa ba. Ziyara muka kai, kuma mukan kai yaranmu can da gangan.

Ginin yana unguwar Flushing a yankin Queens, an gina shi a 1694. Na 'yan Kweka ne, wata ɗariƙa da George Fox ya fara a Ingila wajen 1650. Ba su da fasto, ba gicciye a bango, ba kiɗa. Bencina ne kawai. Sukan zauna shiru kamar awa guda, wanda zuciyarsa ta motsa, namiji ko mace, ya miƙe ya faɗi abin da zai faɗa, ya koma ya zauna. Har gobe ana wannan zama a ɗakin kowace Lahadi.

Abin da ke kai mu ya girmi ginin. A lokacin Turawan Holan ne ke mulkin wurin, kuma gwamnansu Peter Stuyvesant bai yarda a yi ibada a fili ba sai ta cocin gwamnati. Da 'yan Kweka suka fara sauka a 1657, sai ya sa doka: duk wanda ya ba su masauki za a ci shi tara. Mutanen Flushing baƙi ne su ma, Ingilishi manoma da suka kafa garin a 1645. Ranar 27 ga Disamba 1657 kimanin mutum 30 suka sa hannu a takarda suka aika masa cewa ba za su kori baƙo saboda addininsa ba. Kawu, duba nan da kyau: ba mutanensu suke karewa ba, don su ba 'yan Kweka ba ne. Kuma a cikin takardar sun ambaci Yahudawa da Turkawa da Misirawa cikin waɗanda zaman lafiya ya haɗa da su. Turkawa a bakin Bature na wancan zamani Musulmi ake nufi. Tun ba a san za mu zo ba wasu suka sa mu a lissafi, kuma sun biya kuɗin hakan, domin an kama magatakardan gari Edward Hart da Tobias Feake, wanda ya kai takardar.

Sai John Bowne, manomi, wanda matarsa Hannah ta shiga ɗariƙar kafin shi. Ya buɗe musu gidansa suna taruwa. A 1662 aka kama shi, ya ƙi biyan tara, aka sa shi a jirgi aka kore shi. Da ya isa Amsterdam sai ya kai ƙara gaban kamfanin da ya naɗa gwamnan, kuma a 1663 kamfanin ya rubuto wa Stuyvesant cewa ya ƙyale mutane da imaninsu muddin ba su ta da fitina ba. Bowne ya dawo gida a 1664. Gidan nasa yana nan tsaye, tafiyar 'yan mintuna daga ɗakin ibadar, wanda shi ma da hannunsa a samar da shi. A yaƙin neman 'yancin Amurka sojojin Birtaniya sun ƙwace ɗakin suka mai da shi asibiti da kurkuku, bayan yaƙi masu shi suka dawo.

To mu nan tsiraru ne. Masallatanmu da yawa a Bronx da Harlem shaguna ne ko benaye da aka kama haya, da gudummawar direbobin tasi da masu gadi da mata masu kitso. Idan za a faɗaɗa wuri, ko a rufe titi don sallar Idi, sai an nemi izini, kuma bakin maƙwabta yana da nauyi. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin ke ba da hutun Sallah, a 2023 kuma aka yarda a yi kiran sallar Juma'a da lasifika ba tare da neman takarda ba. Ba mu kaɗai muka nemi waɗannan ba, da masu wasu addinai aka yi ta zirga-zirgar.

Shi ya sa al'adarmu a nan ita ce in maƙwabci ya gayyace mu mu je, in an taɓa wurin ibadarsa mu tsaya masa. Ba ma shiga ibadarsu, su ma ba su taɓa nema ba. In lokacin salla ya yi, mu fita mu yi abinmu. A titin da aka sa wa sunan Bowne da kewayensa yau akwai haikalin Hindu, da wurin ibadar Sikh, da majami'ar Yahudawa, da coci-coci, da masallatai, kowa da ƙofarsa. A gaida Inna da sauran mutan gida.