Kafin ka tura jirgi a asubar hunturu

Yaro, jiya bayan isha'i ka tare ni a bakin ruwa kana tambaya ko za ka iya fita kai kaɗai da asuba ka duba kallinka, ragarka ta kamun kifi, a tsakiyar ruwa yanzu da hunturu ya kankama, kuma wai ko rigar kariya daga nutsewa dole ce tunda ka iya iyo. Na wuce ban tanka maka ba don raina ya ɓaci. Tambayar taka ce ta tono min abin da shekara 19 ke nan ban huce ba.

Wannan ruwa da kake gani ba kogin da kakanninmu Sarkawa suka sani ba ne. Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka, ya zama tafki. A wajajen tsibirin Foge faɗinsa ya haura kilomita 20. Itatuwan da ya haɗiye har yau kututturansu na tsaye a ƙasa. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take tasowa, ta samu fili babu abin da zai tare ta, sai ta yi ta tara igiyar ruwa. Da asuba za ka ga ruwa kwance kamar tabarma. Bari hantsi ya ɗaga.

Ina da jirgi a wancan lokaci, na maɗaci, shekara uku ina tara kuɗinsa. Babu mai irinsa a duk tasharmu, kuma babu wanda ya fi ni riƙon filafili, ka tambayi tsofaffin da suka rage. Wani ɗan kasuwa ya zo muka yi ciniki zan tsallakar masa da buhu 8 na shinkafa shanshera ranar kasuwa. Ya ce in je in kwanta, yaransa za su yi lodi da dare don mu yi sammako. Na yarda. Da na zo bayan sallar asuba na tarar an lulluɓe kaya da tamfal an ɗaure tamau. Ina taka jirgi na ji ya zauna, ƙafata ta gaya min. Na sa hannu na auna tsakanin bakin jirgi da ruwa, yatsa huɗu, alhali ƙa'idata taƙi guda ce cif. Na ce Alhaji, kayan nan sun fi yadda muka yi. Ya rantse min da Allah cewa raɓa ce ta jiƙa shinkafar. Ga shi da farin gemu, ga carbi a hannu, ni kuma kunya ta hana ni kwance igiyar tamfal a gaban mutane. Wannan kunyar ita ce kuskurena, kuma ita nake jin zafi har gobe.

Ni da ɗan ƙanena muka tura, yana da shekara 15. Shi Alhajin bai shiga ba, ya ce zai biyo jirgin inji. Da ma ya san abin da ya ɗora.

Mun kai tsakiya hazo ya sauko, gaɓar gaba ba a gani, ta baya ta ɓace. Sai iska ta taso. Jirgin da aka yi wa lodi daidai yana hawa igiya ya sauka, wanda aka danne kuwa huda ta yake yi. Igiya ta farko ta zubo mana, yaro ya kama kwalfewa. Ta biyu ta zubo. Ina ƙoƙarin juya goshin jirgi ya fuskanci iska sai gindinsa ya hau kututture, ya karkace, ta uku ta same mu a haƙarƙari. Da tamfal ya yage na ga abin da ke ƙasa da idona: buhunan gishiri 5 a jere ƙarƙashin shinkafa.

To saurara, nan amsarka take. Ni da aka haifa a bakin ruwa, da na faɗa sai numfashina ya ƙwace, na ja iska ba da niyya ba, ruwa ya shige min hanci da baki. Haka ruwan sanyi ke yi wa kowa, gwani da ɗan koyo, kuma a wannan minti na farko ake rasa mutane da yawa. Abin yi shi ne ka riƙe wani abu, ka ɗaga kai, ka jira numfashi ya dawo kafin ka yi wata dabara. Jirgin ya kife ya saki kaya ya taso, muka kama bayansa. Yaron ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa ya kira mutane. Na damƙe wuyan rigarsa na ce in ka saki jirgin nan ban yafe maka ba. Wace gaɓa, a cikin hazo? Mai nema yana hango kifaffen jirgi daga nesa, kan mutum kuwa ko ƙwarya ta fi shi fitowa.

Masu karatu suna cewa ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na iska. Ni a jikina na karanta. Tun ana jin yatsu har suka sandare, ina kallon hannuna a kan katako amma ba ya jin umarnina. Na tura yaron ya hau bayan jirgi ya fitar da ƙirjinsa daga ruwa, na ɗaure shi da igiyar tamfal ɗin nan. Yana ta makyarkyata haƙora na haɗuwa, ban damu ba. Da makyarkyatar ta tsaya, harshensa ya yi nauyi, ya ce barci yake ji, a nan hankalina ya tashi. Na yi ta kiran sunansa ina sa shi karanta Fatiha har wasu masunta masu jan taru suka ji muryata wajen azahar.

Ya rayu, amma ya yi wata biyu yana jinyar ƙirji, kuma daga ranar bai sake taka jirgi ba. Jirgina ya tsage a kan kututturen, ko katakon ƙofa ban samu a ciki ba. Shi kuma Alhajin ya kai ƙarata wai na salwantar masa da dukiya. Ya kawo shaidu cewa ni na karɓi lodi, kuma gaskiya ne na karɓa. Sai da na sayar da kallina duka na biya rabin kuɗin kayansa, har da gishirin da ya nutsar da ni. Har yau in na gan shi a kasuwa ba na amsa sallamarsa da baki, a zuci nake amsawa.

Kai kuma ka zo kana ce min ka iya iyo. Da wane hannu za ka yi iyon in ya sandare? Rigar kariya ita ke riƙe kanka a sama lokacin da gaɓoɓinka suka daina aiki. Ku yaran yanzu kun mai da ita matashin zama, wai nauyi, wai 'yan mata za su ce matsoraci ne. Ku fito da wandon jin da ƙatuwar rigar sanyi mai shan ruwa kamar soso, kunne a toshe da waya ba kwa jin lokacin da iska ta sauya murya. Wasunku har ƙwaya suke haɗiya wai maganin sanyi. Ƙwaya ba ta ɗumama kowa, hana ka jin sanyin kawai take yi har ya gama da kai. Kun manta jirgin da ya tsage a hanyar Warra a watan Mayun 2021, mutum sama da 100 suka tafi? Na inji ne, babba, lodi ya yi masa yawa. Wannan ruwan ne dai.

Yadda ake zama a jirgi da yadda ake jan filafili ba zan ɓata bakina a kai ba, in ba ka sani ba me kake yi a wurina shekara biyu. Amma ƙoƙon kwalfe ruwa a ɗaure shi da igiya, filafili biyu, jarka biyu babu komai a ciki a rufe su gam a ɗaure a jikin jirgi. Busassun kaya a leda. Igiyar ruwa kada ta same ka a gefe, ka ba ta goshi a ɗan karkace. In kun tsamo wanda ya daɗe a ruwa kada ku tsayar da shi kan ƙafafunsa, ku kwantar da shi, ku tuɓe jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe ƙirji da kai da bargo. Ban da murza masa hannu da ƙafa, ban da cusa shi a bakin wuta. Shayi mai sukari sai ya farfaɗo yana iya haɗiya da kansa, sannan a wuce da shi asibiti.

Gobe ba za ka fita kai kaɗai ba. Ka jira yayanka ku tafi jirgi biyu, ku gaya wa na bakin tasha inda kuka nufa, ku dawo kafin hantsi. In kun tashi kun ga hazo ya rufe tsallake, kallin ya kwana. Kuma ka zo min da rigar nan a jikinka a ɗaure, zan ja igiyoyinta da hannuna kafin ka taɓa jirgina.