Tambaya da Amsa: Gasar ƙwallon lambu don masu ƙari a ƙwaƙwalwa da masu farfaɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum. A Bamingham ta ƙasar Ingila nake aiki. An gano ƙari a ƙwaƙwalwar wani abokin aikinmu bayan farfaɗiya ta kayar da shi. Mun yanke shawarar shirya gasar ƙwallon lambu, wato golf, don tara wa ƙungiyoyin jinƙai kuɗi, kuma ni aka ɗora wa aikin. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba shi lafiya. Ka fara da lissafi tun kafin ka buga takardar gayyata, domin masu shirya irin wannan gasa sukan ɗauka kuɗin shiga ne ribarsu, alhali mafi yawansa kulob ɗin da ke da filin wasan ne ke kwashewa.

Filin wasan ramuka 18 gare shi. Ana raba 'yan wasa huɗu-huɗu, a tsayar da kowane rukuni a bakin rami ɗaya, a busa ƙaho kowa ya fara lokaci guda. Ka ga mutum 72 ke nan, kuma za su gama tare cikin awa huɗu zuwa biyar, su zauna cin abinci tare, wanda a nan ne ake sakin aljihu. A ce kowa ya biya fam 60, an samu 4,320. Idan kulob ya karɓi fam 45 a kan kowane mutum na fili da abinci, 3,240 sun tafi, saura 1,080 kacal. Amma ka sayar wa kamfanoni ramukan, kowane rami fam 100 a kafa allon tallansu a wurin, ga 1,800 ba tare da ka kashe komai ba sai kuɗin buga allo. Wannan misali ne, farashi ya danganta da kulob. Saboda haka masu ɗaukar nauyi za ka fara nema, wata huɗu zuwa shida kafin ranar.

Ka nemi ranar aiki, Litinin zuwa Alhamis, domin kulob ba ya son bayar da Asabar ɗin mambobinsa, in ma ya bayar da tsada. Tsakanin Mayu da Satumba ya fi, rana na daɗewa ba ta faɗi ba. Watan Maris ne watan wayar da kai kan ƙarin ƙwaƙwalwa a Birtaniya, 26 ga Maris kuma ranar farfaɗiya da ake sa tufafi masu launin shunayya, amma fili a jiƙe yake a lokacin. Ka yi amfani da watan wajen tallata gasar kawai.

Tsarin wasa kuwa, ka zaɓi wanda ake kira Texas scramble: duk huɗun su buga, a duba ƙwallon da ta fi sauka wuri mai kyau, kowa ya sake bugawa daga nan. Ɗan koyo ba ya jin kunya, wasa kuma ba ya tsayawa. Ka karɓi kuɗin kowane rukuni tun da wuri; wanda ya ce "zan biya ranar" shi ne ruwan sama ke hanawa zuwa, alhali kulob ya riga ya ƙirga abincinsa.

Ka tuntuɓi ƙungiyar da za ka ba kuɗin kafin ka sa sunanta a talla. Akwai The Brain Tumour Charity da Brain Tumour Research, a ɓangaren farfaɗiya kuma Epilepsy Action da Epilepsy Society. Idan biyu za a raba wa, a rubuta kason kowacce a takardar gayyata. Sannan kada ka manta da Gift Aid: duk fam ɗaya da mai biyan haraji a Birtaniya ya bayar kyauta, ƙungiyar na karɓo ƙarin fene 25 daga gwamnati. Amma kuɗin shiga da na tikitin cinkau, wato tikitin da ake saya a zaɓi mai sa'a ya ci kyauta, ba sa ciki, don an samu wani abu a madadinsu. Ka ware gudummawar sa-kai a shafi na daban.

Tambaya: Na ga a irin wannan taro ana sayar da tikitin cinkau. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, Hajiya. A yi gwanjo. A roƙi kyautar kaya, kamar rigar ƙwallo mai sa hannun ɗan wasa ko damar wasan mutum huɗu a wani babban kulob, a sayar wa wanda ya fi tayi. Kaya shida zuwa takwas sun isa, in sun wuce haka mutane sun gaji. A sa mafi ƙarancin farashi a kan kowanne, kada kayan fam 200 ya tafi a 30.

Tambaya: Ƙanena yana da farfaɗiya kuma yana son ya buga. Mu bar shi? In ta tashi a fili me za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, in likitansa bai hana ba, ku bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Gary Woodland, ɗan wasan golf wanda ya ci gasar US Open a 2019, an yi masa tiyatar ƙwaƙwalwa a Satumbar 2023, ya dawo gasa a Janairun 2024.

Abin lura shi ne ranar gasa kan zo da abubuwan da ke tayar da ciwon: sammako da ƙarancin barci, mantuwa da shan magani, ƙishirwa. Ya sa maganinsa da ruwa a jakar sandunansa. Kada ya tuƙa ƙaramar motar fili, kuma in ƙwallonsa ta faɗa tafki a bar ta can. Mutum ɗaya a rukuninsa ya san halin da yake ciki.

In ya faɗi, a duba agogo nan take. A janye sanduna daga kusa da shi, a sa riga a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, haƙori kawai za a karya. Yawunsa kuma ba ya sa wa kowa ciwon. Jijjiga ta tsaya, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sosai. In ta wuce minti 5, ko wata ta biyo baya bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, a kira 999, lambar agajin gaggawa. A faɗi lambar ramin da kuke, a kuma tura mutum bakin ƙofar kulob ya yi wa motar asibiti jagora, domin daga ƙofa zuwa rami mai nisa tafiya ce.