Me 'yan Ceroki ke ci idan sanyi ya wuce?

Malam, ka tambaya ko ƙabilar Ceroki ta Amurka na da abinci na musamman a lokacin da hunturu ya ja baya. Suna da shi kuwa, kuma babbansa albasar daji ce.

A jihar Oklahoma, wajen garin Tahlequah inda hedkwatarsu take, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu mutane kan bi bakin rafi suna tono wata siririyar albasa mai tsirowa da kanta. Aikin na wajen wanki, don ɗaya bayan ɗaya ake cire mata ƙasa. Sai a yanka, a ɗan dafa da ruwa da kitse, a fasa ƙwai a ciki a juya. Ana haɗawa da wake, soyayyen burodi, masarar da aka dafa da toka, da naman alade (ai galibinsu Kiristoci ne). Coci-coci ne suka fi shirya walimar, a sayar da faranti a tara kuɗin hidima, dangi na nesa su zo a gaisa. A ganina, zumuncin ya fi abincin jan mutane.

Waɗanda suka rage a duwatsun jihar Karolina ta Arewa bayan da gwamnatin Amurka ta kori galibin 'yan ƙabilar zuwa yankin da ya zama Oklahoma a 1838 kuwa, ganyen da suke kira sochan suke tsinka, da wata albasa mai faɗin ganye da warin tafarnuwa. Yankanta suke yi su bar saiwar a ƙasa don ta sake tohowa baɗi.