Shahona ya kashe zomo kafin in iso, ya halatta a ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibinka ne daga Kurna, ina da shaho da na raina tun yana ƙarami, yanzu in na yi masa fito dawowa yake hannuna. Bayan girbi muna fita gonakin hanyar Bichi da abokaina, ranar Asabar na sake shi kan zomo, kafin in ƙaraso da gudu zomon ya mutu har ya fara figar wuyan yana ci, abokan suka ce mushe ne muka baro shi a can. Sannan Malam wani lokacin mukan sayi zomon gida mu sake masa a fili don ya saba mu ɗauki bidiyo, shi ma ana ci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya yi albarka. Toh ɗana, indai ka yi bisimilla lokacin da ka sake shi, kuma akaifarsa ko bakinsa sun huda zomon jini ya fito, wallahi nama halal kuka baro wa ungulu.

Shi kansa zomo babu matsala a cinsa wajen mazhabobi huɗu. Anas ɗan Malik ya ce sun taso zomo a Marruz Zahran kusa da Makka, mutane suka bi shi har suka gaji shi ya cafke shi, ya kai wa Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Annabi (SAW) da cinyarsa kuma ya karɓa. Yana cikin Bukhari da Muslim.

Maganar tsuntsu kuwa, Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 4 an halatta mana abin da masu farautar da muka horar suka kamo mana, mu ambaci sunan Allah a kai. Kalmar da ta zo "aljawarih" ce, kuma jamhurun malamai sun ce ba kare kaɗai ba, har tsuntsu. Mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da duk muka biya a zaure, shi ma kare da shaho ya jera wuri ɗaya, abin da horarre ya kashe ana ci matuƙar kai ka tura shi. Riƙe wannan "kai ka tura shi" ɗin. In yana kan hannunka ya hango zomo ya fizge da kansa, toh wa kansa ya yi farauta, sai in ka riske shi da rai ka yanka.

Abin da ya rikita abokanka shi ne shahon ya ci daga zomon, kuma suna da ɗan uzuri, domin hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya ce in kare ya ci kada ka ci, ƙila wa kansa ya kama. Shafi'iyya har tsuntsu suka sa a ciki. Amma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya kawo maganar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa ka ci ko da tsoka ɗaya ce ta rage, a kan haka Malikiyya suke, Hanafiyya da Hanbaliyya ma sun sassauta a tsuntsu. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe shaho ya san dalili, da nama ake horar da shi, da yunwa ake fita da shi, kare ka daka masa tsawa ya ja baya ya kwanta, shi kuwa wannan ya baza fukafukai kan abin da ya kama yana hararka. Horonsa shi ne ka tura ya je, ka kira ya dawo. Naka ya cika wannan.

Inda ake yin asara shi ne wuƙa. In ka iso zomon na numfashi kuma ba a huda masa wurin da ba ya rayuwa ba, dole yanka, in ka tsaya laluben wuƙa a but ɗin mashin ko ka tsaya ɗaukar hoto har ya cika, ya zama mushe saboda sakacinka. Wuƙar ta zauna a ƙugunka. Haka in tsoro ko bugu kawai ya kashe shi babu rauni, ba a ci. Haka in karen wasu mafarauta ya shiga ka rasa wa ya kashe, tunda kan naka ka yi bisimilla ba kan nasu ba. Mantuwar bisimilla an yafe, barinta da gangan ne ke ɓatawa.

Sai zomon gida, kuma gaskiya nan ne raina bai yi daɗi ba. Sassaucin nan an yi shi ne don dabbar dawa da ba ka iya kamawa, wanda ka saya ka riƙo kunnuwansa ka sa a kwali tun daga kasuwa ai yana hannunka, halaccinsa yanka ne kawai, in shaho ya kashe shi mushe ne ko ka yi bisimilla ɗari. Bayan haka ga azabtarwa, zomon da ya tashi a keji bai san gudu ba, za ka ga ya lafe yana karkarwa ku kuna ihu da waya a hannu. Ibn Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna harbi, ya ce Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada saiti, ni ina tsoron naku ya kusanci wannan. Farauta don wasa zalla ma makaruhi ce a Malikiyya balle wannan. In horo kake so, yanka zomon tukuna, ci namanka, ka cusa tsumma a fatar ka ɗaura ɗan nama a kai, yaro ya ja da igiya a ƙasa shahon ya bi.

Kuma in tafiya ta kai ku wajen Falgore ku tsaya a gonaki, dajin hukuma ta hana farauta a ciki. Wallahu a'alam.