Ga ƙanena mai shirin karatun tuƙin jirgi: maganar Mayday

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana shirin tahowa Ingila karatun tuƙin jirgin sama, kana kuma tambaya ko Mayday da matuƙa ke faɗa tana da alaƙa da ranar ma'aikata, wadda ake ce wa May Day da Turanci. Ko kusa. Wani jami'in rediyo ne a filin jirgin Croydon na Landan, Frederick Mockford, ya ƙago ta a farkon shekarun 1920, lokacin da yawancin jiragen da ke tashi daga filin birnin Faris suke zuwa. Daga Faransanci ya aro ta, ma'anarta a kawo mini ɗauki. A 1927 ƙasashe suka amince da ita a taron Washinton.

Na sama da na ruwa duk da ita suke aiki, kuma ba a taɓa ta sai rai na cikin haɗari: gobara, mutuwar inji, jirgi na nutsewa. Sau uku ake faɗa a jere, sannan ka faɗi sunan jirginka, abin da ya same ka, inda kake, da yawan mutanen da ke ciki. Don kiran gaggawa a rediyo, matuƙin sama yana da mita 121.5, na ruwa tasha ta 16. Da ta fita daga bakinka, kowa a kan layin zai yi tsit. In matsalar ba ta kai ga rai ba, Pan-pan ake cewa, ita ma sau uku.

Inda nake so ka buɗe kunne ke nan. A Janairun 1990 jirgin Avianca daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi, yana jiran izinin sauka a New York, mai na ƙarewa. Matuƙan sun yi ta cewa mai ya yi ƙasa, a ba su fifiko, amma ba wanda ya ce Mayday. Masu ba da hanya ba su gane abin ya kai intaha ba. Man ya ƙare a sama, mutum 73 suka rasu.

Mu da aka rena da kunya da kawaici, mutum na cikin wuta a tambaye shi ya ce "da sauƙi", wannan darasin namu ne. Malaman nan ba sa ɗaukar kewaye-kewaye a rediyo, kuma ni ina bayansu.

Kafin lasisi sai ka ci jarrabawar Ingilishin rediyo, aƙalla mataki na 4 na ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Tun kana gida ka fara sauraron yadda matuƙa ke magana da hasumiyar masu ba da hanya a intanet, kana maimaitawa da ƙarfi. Ka gaida su Inna.