Amsar Kawu kan garin da ka sayo wa babanka

Ɗana, saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce babanka ya soma fita tattaki da asuba yana ɗan ɗaga ƙarfe a tsakar gida, ka sayo masa garin nan na gwangwani da samari ke damawa su sha kafin motsa jiki, ya ture shi ya ce goro ya ishe shi, har ya kwana biyu bai sakar maka fuska ba. Kana tambaya ko a al'adarmu ba a shan komai kafin aikin ƙarfi, ko kuwa kai ne ka yi ba daidai ba.

Ana sha mana. Muna yara, ranar gayya ba mai ɗaukar hauya da cikin wofi. Tun duku-duku an dama fura da nono, an ajiye ƙwarya a gindin gawo, mai gona kuma ya raba goro. 'Yan kokowa su ma da nasu: fura mai kauri, nama in ya samu, sai jiƙe-jiƙen da kowa ke ɓoye wa abokin karawarsa. Zamanin da ɗan kokowa Kantu ya ɗauko takobin gasar kokowar Nijar a Tawa a 1975 ya kawo Maraɗi, ba wanda ya san wani gwangwani. Ni ma na ɗan taɓa kokowa a dandali, kada ka tambayi sau nawa bayana ya taɓa ƙasa.

Abin dariyar shi ne, da kai da babanka kusan abu ɗaya kuke ja-in-ja a kansa. Abin da ya fi aiki a garin nan kafeyin ne, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi. Yana kore kasala, yana sa mutum bai jin nauyin aiki sosai, wannan kam gaskiya ne. Inda suka rabu shi ne yawa da sauri. Babanka zai ɓare goro ya ciji gefe, ya mayar da saura aljihu, ya yi ta tauna har azahar. Cokali ɗaya na garin kuwa yakan ɗauki kafeyin miligiram 150 zuwa 300, a kurɓe shi tashi ɗaya. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a yini, 200 a sha ɗaya, shi ne abin da babba mai lafiya zai ɗauka ba damuwa. Ka ɗora goronsa, ka ɗora shayin da suke dafawa a fada bayan la'asar, ruwan fari da na biyu da na uku. Kafeyin kuma ba ya saurin barin jiki, bayan awa biyar rabinsa na nan. Mutum mai shekara 58 da barci ya riga ya fara yi masa rowa, ka ga inda za a kwana.

Sai batun hawan jini. Kafeyin yana ɗaga shi na ɗan lokaci, yana sa wasu bugun zuciya. Yaushe rabon babanka da a ɗaura masa abin awo a hannu? Da yawa cikin sa'anninmu suna yawo da tansiyo ba su sani ba, sai ranar da mutum ya faɗi. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ni kaina wani yaro ya taɓa dama mani irin garin nan, ya ce in gwada. Minti kaɗan fuskata da bayan hannuwana suka hau tsikari kamar tururuwa na bi na, na ce shi ke nan an gama da ni. Ashe wani sinadari ne, beta-alanin, haka yake yi, ba ya cutarwa. Amma daren nan ina kwance ina jin zuciyata kamar kalangu har aka kira assalatu.

Ba duk abin da ke ciki ne banza ba. Kiriyatin, giram 3 zuwa 5 kullum, an tabbatar yana taimaka wa manya su riƙe tsoka in suna ɗaga nauyi, amma shi ba sai kafin motsa jiki ba, kuma ana sayar da shi shi kaɗai. Mai ciwon ƙoda sai likita ya yarda. Abin da nake tsoro gwangwanin da ba a rubuta nauyin kowane sinadari a jikinsa ba. A Amurka ma sai da aka hana wani sinadari mai suna DMAA bayan an danganta shi da ciwon zuciya. Mu da muka ga yadda tramol ya shigo da sunan maganin gajiya, ba sai an ba mu labari ba.

To, fushin babanka fa? Ba goro ba ne, ɗana. Ka miƙa wa uba maganin ƙarfi a gaban ƙannenka, kamar ka ce masa ƙarfinsa ya ƙare. Mu irin wannan ba a kai wa babba kai tsaye. A kan bi ta mahaifiya, ko ta abokinsa, ko ta wanda wasa ke tsakaninsu. Da ka riƙo masa ƙullin goro fari da takalmin tafiya, da yanzu albarka kake sha.

Ka je ka gaishe shi ka ba shi haƙuri, kada ka tsaya bayani. Ran Juma'a in an sauko zan biyo, ai shi mijin ƙanwata ne, ina da bakin ce masa ya tsufa. Zan ja shi mu je a auna mu tare. Gwangwanin ka ajiye mani shi, ina so in sa tabarau in karanta bayansa. Ka gaida mamarka.