Hanyar da munka daɗe muna bi, shin ta zama ta gwamnati?

Wani bawan Allah daga yankin Arkilla a Sakkwato ya turo: "Barista, shekara kusan 15 muna bin wata hanya ta gefen filin maƙwabcinmu, mu munka haɗa kuɗi anka zuba mata burji, har kansila ya sa anka yi kwalbati. Yanzu mai filin ya kawo bulo zai ja katanga. Ai hanya ta zama ta ƙaramar hukuma ko?"

Malam, ban ga takardunku ba, amma a yadda ka faɗa, ba lallai ba ne. Daɗewa ana wucewa ba ya maida fili hanyar gwamnati shi kaɗai, kwalbatin kansila ma haka, sau da yawa aikin neman ƙuri'a ne kawai ba wata takarda bayansa.

Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin yin hanyoyi da magudanan ruwa da gyaransu, har da sa wa tituna suna, amma gwargwadon yadda majalisar dokokin jiha ta tsara. To wannan ikon yin aiki ne, ba ikon ɗauke filin mutum da baki ba. Ƙasa kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ta hannun gwamna, kuma in wurin yana cikin abin da aka ayyana birni ne, ciyaman ba shi da ta cewa a rabonsa. In ana son filin wani don hanya, sai an soke haƙƙinsa a rubuce ƙarƙashin sashe na 28, a ba shi sanarwa, a biya diyyar abin da ya gina ko ya shuka. An yi haka? Ina shakka.

Na san wani zai ce maka ai akwai hauzi, shekara 10 a mazhabar Malikiyya. E akwai, amma wannan maganar wanda ya riƙe abu yana ikirarin nasa ne mai shi na gani ya yi shiru, ba wanda aka bari yana ratsawa don zumunci ba. Alƙali na iya duban haƙƙin wucewa in ba ku da wata mafita sam, sai dai ba zan maka alkawari ba.

Inda za ka iya samun ƙarfi shi ne taswirar yanka filayen wurin. Ka je ma'aikatar ƙasa ko hukumar tsara birane ta jiha a duba, in hanyar na cikin taswira tun asali to maƙwabcin naka ne ya shigo, kuma ai katanga ma tana son izinin gini, wanda ban tsammanin ya nema ba tunda ko sallama bai yi muku ba kafin tifa ta sauke yashi.

Kada ku taɓa bulonsa, yanzun nan sai magana ta koma ta ɓarna wurin 'yan sanda. Ku kai wa mai unguwa, in ta faskara uban ƙasa, a roƙi mai filin ya bar ko ƙafa 10, ku biya shi in ta kama, a rubuta da shaidu, sannan ku kai takardar zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi a karɓi hanyar a rubuce. Kotu tana nan, amma kafin a gama shari'ar fili katangar nan ta sha damina uku.